Tarin da ya ƙi tafiya, da shawarwarin da muka gada a kansa



Waɗanda suka saba kama mu da safe sun lura, a hunturun bara muryarmu ta ɓace daga akwati kusan sati biyu. Da muka dawo kuma sai magana ta riƙa tsinkewa ana tsakiyar labari. Wasu sun ɗauka wuta ce ke wasa da na'ura kamar yadda ta saba. A'a, mu ne muke rufe makirfo, mu juya baya, mu yi tari har hawaye su zubo, sa'annan mu buɗe mu ci gaba kamar ba abin da ya faru.

Ciwon haƙarƙari ne ya kayar da mu, wanda wasu ke ce wa limoniya. Ƙwayar cuta ta shiga huhu, ga zazzaɓi, ga suka a gefen ƙirji duk sanda aka ja numfashi. An rubuta mana ordonansi, mun sha magani kwana bakwai ba fashi. Zazzaɓi ya sauka tun rana ta uku, sukar ta lafa, abinci ya fara shiga. Tari kuwa ya ce shi yanzu ya zo. Sati biyu, sati uku, sati huɗu. Ga wanda da murya yake cin abinci wannan ba wasa ba ne, don har an fara maganar a nemo wanda zai riƙe mana shirin safe "na ɗan lokaci", mu kuwa mun san yadda irin wannan ɗan lokacin ke ƙarewa.

A cikin watan nan mun sha shawara fiye da yadda muka sha magani. Da muka zauna daga baya muna tuna su, sai muka ga ashe kowace shawara tana da zamanin da aka haife ta a tarihin ƙasar nan. Ba wanda ya ƙago tasa. Kowa abin da ya gada ya miƙo mana.

Ta farko daga Tibiri ta zo, daga bakin kakarmu. Ta ji tarin ta waya, ba ta ma bari mun gama gaisuwa ba: "Maigidana, beli na. In ba a kai ka ga wanzami an ka cire shi ba, tarin ga ba shi barin ka." Mu dai a matarnite aka haife mu, mahaifinmu ya hana a taɓa mana maƙogwaro, kuma shekara talatin da ɗoriya ke nan tsohuwa ba ta yafe masa ba. Ko atishawa muka yi, beli ne.

Kada mu yi mata dariya da sauri. Duniyar da ta gado wannan magana daga gare ta ta daɗe tana fama da tari ba tare da ƙwaya ko allura ba. Tun lokacin da Katsinawa suka kafa sarautarsu a Maraɗi a farkon ƙarni na 19, Gobirawa kuma suka kafa Tibiri a 1836 ƙarƙashin Sarki Mayaƙi bayan yaƙin Gawakuke, garuruwan biyu a bakin Gulbi suke, inda sanyin hunturu ke sauka da asuba ya kwanta. Ana kwana da wuta a ɗaka, hayaƙi ya cika ɗaki, waje kuma buji. Wanda ciwon haƙarƙari ya kama a wancan zamani, abin da ke gare shi ƙahon wanzami a gefen ƙirji, jiƙon bagaruwa, citta da kanumfari da masoro a cikin kunu mai zafi, zuma in an samu, da rubutun malam. In abin ya ƙi, a je ga 'yan bori. Wanda ya tashi ya tashi, wanda bai tashi ba a ce kwana ya ƙare.

Amma akwai abin da mutanen nan suka iya wanda mu 'yan lakwal muka yar. Sun iya sauraren tari, sun kuma iya ƙidaya masa kwana. Sun raba tarin mura da tarin shiƙa mai shaƙe yara, sun raba fuka mai fito a ƙirji da tarin nan da ba a son ambatar sunansa, mai ramar da mutum, mai jiƙa tabarma da gumi cikin dare, mai fitar da jini. Kakarmu tana ba da labarin yadda ake ware wa irin wannan majinyaci ƙwaryarsa da ludayinsa. Ba su san ƙwayar cuta ba, ba su san ta iska take tafiya ba, amma sun san tarin da ke raguwa ana yi masa haƙuri, tarin da ke cin jiki kuwa ana jin tsoronsa. Wannan rabon har yau daidai yake. Inda aka kuskure shi ne beli. Tarin da ya taso daga huhu ba ruwansa da ɗan naman da ke reto a maƙogwaro, yanke shi kuwa jini ne da haɗarin shigar wata cutar, musamman ga jariri ɗan kwana uku.

Shawara ta biyu a fada muka same ta, ana zuba shayi na biyu. Wani abokinmu ɗan kabu-kabu ya dube mu ya girgiza kai: "Haba ɗan'uwa, kai ma dai! Ƙwaya ai wasa ce. Je ka a buga maka allura biyar ka manta da shi."

Wannan ita ce muryar shekarun 1950, kuma tana da hujjarta. A ranar 24 ga Maris 1882 wani likitan Jamus, Robat Kok, ya bayyana ƙwayar da ke kawo tarin fuka, abin da ya sa har yau ake tunawa da cutar a wannan rana kowace shekara. A 1921 aka fara yi wa ɗan Adam rigakafin BCG a Faransa, wannan mai barin tabo a hannu. A shekarun 1940 kuma sababbin magunguna masu kashe ƙwayar cuta a cikin jiki suka shiga hannun likitoci: fenisilin, wanda aka gano tun 1928 amma sai lokacin yaƙin duniya na biyu aka iya yin sa da yawa, sai kuma sitireftomisin na tarin fuka. Kafin nan, ko a manyan asibitocin Turai da Amurka, kusan uku cikin goma na waɗanda limoniya mai tsanani ta kwantar mutuwa suke yi.

A daidai wannan lokaci garinmu ma ya sake zama. Ambaliyar 1945 ta ci tsohon Maraɗi, aka hau tudu, aka ja tituna miƙaƙƙu, gyaɗa ta kawo kuɗi da motoci da baƙi. Gwamnatin Faransa ta kafa ayarin ma'aikatan lafiya masu yawo ƙauye ƙauye suna tara mutane a ƙofar fada. 'Yan mishan na SIM, waɗanda suka daɗe da zama a Tibiri, suka buɗe asibitin Galmi a 1950, sa'annan a 1956 suka buɗe na kuturta a Danja, nan ƙasar Jiratawa a kan hanyar Najeriya. Ku auna abin a idon mutumin da ya binne 'yan'uwansa biyu da ciwon haƙarƙari, yau ga shi an kawo ɗansa ranga-ranga, an soka masa allura, kwana biyu yaro ya nemi fura. Wa zai gaya wa wannan mutum akwai abin da ya fi allura? Imanin da iyayenmu suka yi da ita ba jahilci ba ne, da idonsu suka gani.

Sai dai darasin ya zo da jela. Mun koyi cewa in an ba da magani na gaske ciwo kan ɗauke ɗungurungum, don haka in wani abu ya saura, to maganin ne bai isa ba, a ƙaro. Haƙurin kakanni ya tafi, ƙidayar kwana ta tafi.

Wanda ya ci ribar wannan darasi shi ne mai shawara ta uku, yaron nan mai tire a ka ko kwali a bayan keke, da ke tsayawa ƙofar gidan rediyo kullum da hantsi. Shi bai ma yi dogon bayani ba. Ya ji tarin, ya zaro kafso kala biyu da kwalbar siro, ya ce dala ɗari, yau za a yi barci.

Shi ma yana da ranar haihuwa. Bayan taron Bamako na 1987 ƙasashenmu suka koma tsarin majinyaci ya biya wani abu a likita. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, maganin da ake shigowa da shi daga Faransa ya yi tsalle a farmasi. Mu kuwa ga mu bakin iyaka, Ɗan Isa nan kusa, Jibiya a ƙetare, kaya na shigowa dare da rana. Talaka ya ga zai iya sayen ƙwaya biyu maimakon kwali guda, ba layi, ba takarda. Tun daga nan magani ya koma kamar goro, ana kiransa da launinsa, ana ba maƙwabci ragowa. Ba mu ce duk laifin yaron ba ne, shi ma tuwo yake nema, kuma gaskiya sau da yawa shi kaɗai ne ke kaiwa inda likita ba ta kai ba. Amma abin da ke kan tiren nan ya kwana rana ya wuni rana, mai sayarwa bai san adadin da ake sha ba, wani ma garin alli ne aka matse.

Siron tari kuwa nasa labarin daban. Mai kodin a ciki yana danne tari, i, amma yana kama mutum kamar yadda taramol ke kamawa, har Najeriya ta hana yin sa da shigo da shi a watan Mayun 2018 bayan an ga ɓarnar da ya yi wa matasa, mata da maza, a Kano da sauran garuruwan arewa. A 2022 kuma yara kusan saba'in suka mutu a Gambiya bayan shan wasu siro na tari da mura masu guba a ciki. Duk wanda ke da yaro ya riƙe wannan kafin ya karɓi kwalbar da bai san inda ta fito ba.

To me ke faruwa a ƙirjin mutum bayan an kashe ƙwayar cuta? Wannan majo ɗin likitar unguwarmu ne ya zaunar da mu ya yi mana bayani, dattijo mai haƙuri da ya kusa ritaya. Ya ce mu ɗauka ɓarawo ne ya shiga gida aka yi dambe aka kore shi. Ɓarawo ya tafi, amma ga tukwane a fashe, ga ƙasa ko'ina, sai an yi shara. Hanyoyin iska na huhu suna da wasu 'yan gashi ƙanana da ido ba ya gani, aikinsu share majina zuwa sama. Cuta takan ƙone su, kafin su sake tsirowa sai an yi makonni, a tsakanin nan tari ne ke yin sharar. Ga jijiyoyin maƙogwaro sun zama kamar sabon miki, ƙura kaɗan, iskar fanka, turaren wuta, dariya, doguwar magana, duk sai su tayar da tari. Maganin kashe ƙwayar cuta ba ya gyara wannan, don ba sauran abin da zai kashe.

Lissafin da likitoci ke bayarwa ga babban mutum shi ne, zazzaɓi ya kamata ya tafi cikin sati guda, ciwon ƙirji da yawan kaki su ragu sosai wajen sati huɗu, tari da haki su ja baya sosai wajen sati shida. Gajiya kan iya kaiwa wata uku, wani ma sai wata shida yake jin ya koma yadda yake. Da an gaya mana wannan ranar da aka miƙo mana ordonansi, da mun huta da rabin fargaba. Wannan kam ƙorafinmu ne ga masu farar riga: minti ɗaya na bayani ya fi a bar mutum ya tafi ya tambayi fada.

Muna murna za mu tashi, sai majo ya ajiye mana 'yar kwalba a kan tebur. Ya ce, "Ɗana, duk abin da na gaya maka gaskiya ne, amma a ƙasar nan ba na sallamar tarin da ya wuce sati biyu ban ga kaki ba. Gobe da asuba ka tofa a nan ka kawo."

Ba za mu ɓoye muku ba, ranmu ya ɓaci. Tarin fuka? Mu? Muka sa kwalbar can ƙasan aljihu kada wani ya gani a hanya. Wannan kunyar ita ma gado ce, daga zamanin ƙwaryar da ake warewa.

Dalilinsa shi ne, tarin fuka ya iya shigar burtu. Yakan fara kamar ciwon haƙarƙari sak, a ba mutum magani na sati guda, ya ɗan ji sauƙi, a ce ya warke saura tari. Wanda ya fi muni, wasu magungunan da ake sayarwa barkatai, irin su sifuro da danginsa, suna taɓa ƙwayar tarin fuka su raunana ta ba su kashe ta ba. Mutum ya ji dama-dama wata guda, yana kwana ɗaki ɗaya da matarsa da 'ya'yansa yana rarraba musu, ita kuma ƙwayar tana koyon yadda za ta jure magani. Haka ma wanda aka ɗora a kan maganin tarin fuka na wata shida, ya sha wata biyu ya ji ƙarfi ya watsar ya tafi cin rani. Ta waɗannan hanyoyi ake samun tarin fuka mai taurin kai, wanda magungunan farko ba sa yi masa komai.

A nan ne ƙasarmu ta shiga tarihin duniya, kuma mutane kaɗan ne a garin nan suka sani. Da can mai irin wannan tari sai ya yi kusan shekara biyu yana shan magani, da watanni na allura kullum, allurar da kan kurmantar da wasu, kuma duk da haka kusan rabi ne kawai ke warkewa a faɗin duniya. Ƙungiyar Action Damien ta Beljiyam, wadda ta samo sunanta daga wani fada da ya mutu da kuturta a 1889 yana jinyar kutare, ta gwada wani gajeren tsari na wata tara a Bangaladash. Kada ku yi mamakin ganin masu kuturta a harkar tari: ƙwayoyin cututtukan biyu 'yan gida ɗaya ne, har maganin rifamfisin duka biyun yake yi wa aiki, ma'aikatan Danja sun san wannan. A 2008 Nijar ta fara amfani da irin wannan gajeren tsari tare da hukumar yaƙi da tarin fuka ta ƙasa. Daga cikin majinyata 65 na farko, tsakanin 2008 da 2010, mutum 58 suka warke. Sakamakon Nijar na cikin hujjojin da Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta duba kafin ta amince da gajeren tsarin a 2016, kuma Maraɗi na cikin garuruwan da aka buɗe wa sashen jinyar irin waɗannan majinyata. Yau an ma wuce nan, akwai tsarin ƙwayoyi zalla ba allura. Abokinmu na fada bai ji daɗin wannan labari ba.

Gwajin kansa ya sauƙaƙa. Bayan duba kaki da madubin likita da aka saba, akwai na'urar GeneXpert da OMS ta amince da ita a ƙarshen 2010, mai faɗa cikin awa biyu ko akwai ƙwayar, ta kuma faɗa ko mai taurin kai ce. Maganin tarin fuka kuwa kyauta ne a Nijar. Majo ya ce abubuwan da ba ya son mutum ya kwana da su a gida su ne jini a kaki, gumin dare, rama, zazzaɓin da ya tafi ya dawo, haki da ke ƙaruwa maimakon raguwa, ko tarin da ya haura sati takwas ko da ba komai tare da shi. Mai shan taba da wanda ya wuce shekara hamsin kuma, yana so su sake hoton ƙirji bayan sati shida, don wani lokaci akwai abin da ke ɓoye a bayan ciwon.

Yara lissafinsu daban ne, ba a yi musu dogon jira. An sa rigakafin Penta cikin alluran jarirai a 2008, aka ƙara na ƙwayar nimokok a 2014, ita ce babbar mai kawo ciwon haƙarƙari, takan kuma kawo sanƙarau. Uwa ta ɗaga rigar yaro yana kwance shiru ta ƙidaya numfashinsa na minti guda: 50 ko fiye ga ɗan wata biyu zuwa wata goma sha ɗaya, 40 ko fiye ga ɗan shekara ɗaya zuwa biyar, ko ta ga ƙasan ƙirjinsa na lotsawa in ya ja iska, to a kama hanyar likita a ranar.

Namu sakamakon ya fito bayan kwana biyu, ba ƙwayar tarin fuka. Ba a ƙara mana ko ƙwaya ɗaya ba. Abin da aka ce mu yi duk kakarmu ta san shi: ruwa mai ɗumi a kai a kai, zuma cokali guda kafin barci, da sharaɗin ba a ba jaririn da bai cika shekara ba, a rufe hanci da baki da rawani in za a hau babur cikin buji, a matsa daga hayaƙin murhu da na maganin sauro, a ƙara matashi a ɗaga kai da dare. Muka roƙi a kashe na'urar sanyaya ɗakin watsa shiri muna ciki, muka rage doguwar magana muka ƙara sa waƙa, abin da masu saurare da yawa suka ce ya fi musu daɗi, Allah ya shirye su.

A sati na shida muka karanta labaran safe tun daga kanu har ƙarshe ba mu taɓa maɓallin makirfo ba. Ranar Laraba muka je Tibiri gaida tsohuwa, muka kai mata goro da sukari, muka ba ta labarin 'yan gashin huhu da kwalbar majo, ta saurara tsaf har muka gama. Sa'annan ta ce mu buɗe baki, ta juya mu wajen haske ta leƙa, ta ce belin yana nan, ya ƙara tsawo ma.